Dakta Kiyoshi Shiga, Likitan Da Ya Gano Ƙwayar Atuni

Za mu duba rayuwar wani likitan ƙasar Japan wanda da wuya ka ji sunansa a bakin jama'a, amma ma'aikatan ɗakin gwaji a asibiti sun san shi sarai. Ƙwayar cutar da ke kawo atuni mai jini, wadda ke shiga ciki ta gurɓataccen abinci da ruwa da hannu mara tsabta, sunanta Shigella. Daga sunan Kiyoshi Shiga aka samo wannan suna.

An haife shi a garin Sendai a 1871. Sato ne sunan gidan mahaifinsa, amma dangin uwarsa suka riƙe shi, shi ya sa ya ɗauki sunansu. Ya gama karatun likita a jami'ar Tokyo a 1896, ya kama aiki a cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a ƙarƙashin Dakta Kitasato, wanda shi kuma almajirin Robert Koch na Jamus ne.

Bai shekara biyu da fara aiki ba annobar atuni ta ɓarke a Japan, a 1897. Mutum wajen dubu casa'in suka kamu, fiye da ɗaya cikin biyar suka mutu. Kitasato ya ɗora wa saurayin nan nauyin gano sanadin.

Wahalar aikin ba ganin ƙwaya a madubin likita ba ne. Bayan gidan kowane mutum, mai lafiya da mara lafiya, cike yake da ƙwayoyi iri-iri masu kama da juna, yawancinsu ba sa cutarwa. To, wace ce mai laifi? Tamkar a ce ka nuna ɓarawo ne a tsakiyar kasuwa alhali ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Sai Shiga ya nemi shaida, shaidar kuwa jinin majinyatan ne. Jikin da ya yi faɗa da cuta yana barin makamansa a cikin jini. Ya raini ƙwayoyin da ya samu daga majinyata 36, ya ware kowane iri daban, sa'an nan ya haɗa su da ruwan jinin waɗanda ke murmurewa. Iri ɗaya ne ya riƙa dunƙulewa kamar an zuba tsami a madara. Ya buga sakamakon da Jamusanci a 1898, bai cika shekara talatin da haihuwa ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin atuni iri biyu ne. Akwai na wata halitta da ake kira amiba, akwai kuma na ƙwayar Shiga, maganinsu kuwa ba ɗaya ba. Har yau haka ake bi a ɗakin gwaji: a raini ƙwayar a faranti, a duba irin sukarin da take ci (Shigella ba ta cika taɓa sukarin madara ba, saboda haka ba ta yin ja kamar 'yar uwarta E. coli), sa'an nan a tabbatar da gwajin dunƙulewa. Dafin da ƙwayar ke fitarwa ma sunansa yake ɗauke da shi, kuma irin wannan dafi ne a jikin wata E. coli ya kashe mutum fiye da hamsin a annobar Jamus ta 2011.

Ya gwada yin allurar rigakafi, ya fara da jikinsa, wurin ya kumbura har sai da aka tsaga. Rigakafin bai yi nasarar da ya so ba. A 1901 ya tafi Jamus wurin Paul Ehrlich, inda suka samo wani rini ja mai kashe ƙwayar sammore a jikin ɓeraye. Daga baya ya shugabanci jami'ar Keijo a birnin Seoul daga 1929 zuwa 1931, lokacin Koriya tana hannun Japan.

Tsufansa bai zo da sauƙi ba. A 1944, shekarar da ƙasarsa ta ba shi babbar lambar girma, matarsa ta rasu, babban ɗansa kuma ya halaka a teku. Shekara ta gaba bom ya cinye gidansa na Tokyo. Ya koma wani ƙauye a bakin teku a jihar Miyagi, can ya zauna cikin ƙaramin hali har ya rasu ran 25 ga Janairu, 1957, yana da shekara 85.