Eriks Petersons, gwanin ƙwallon Latbiya da aka rushe kulob ɗinsa yana kan ganiyarsa

Masu bin tarihin gasar cin kofin duniya sun san cewa wadda aka yi a Faransa a shekarar 1938 ƙasashe 15 ne suka buga ta, alhali 16 aka tsara. Gurbi ɗaya ya zauna babu mai shi har aka tashi daga gasar. Ƙasar da ta fi kowa hujjar neman wannan gurbi ita ce Latbiya, ƴar ƙaramar ƙasa da ke gaɓar tekun Baltik a arewacin Turai, kuma ɗan wasan da tawagarta ta fi dogara da shi a wancan zamani shi ne Eriks Petersons. Ya buga wa ƙasarsa wasa 63 tsakanin 1929 da 1939, ya zura ƙwallo fiye da 20, kuma duk tsawon shekarun da ya yi a babbar gasar ƙasar riga ɗaya ya sa, ta kulob ɗin Rigas Futbola Klubs, wanda aka fi sani da RFK.

An haife shi a birnin Riga a 1909. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Latbiya a taswira. Riga tana ƙarƙashin daular Rasha, kuma tana cikin manyan tashoshin jiragen ruwanta, inda ake lodin katako da sauran kaya zuwa Ingila. Ta wannan hanya ce ƙwallon ƙafa ta shigo garin. Turawan Ingila mazauna Riga da Jamusawan da suka daɗe da zama a yankin su ne suka fara kafa kulob-kulob, kuma a 1910 aka soma gasar birnin. Shi kansa magajin garin Riga na wancan lokaci, George Armitstead, zuriyar Ingilawa ne. Ƴan asalin ƙasar, waɗanda yawancinsu ma'aikatan masana'antu ne da ƴaƴan manoma, daga baya suka shigo wasan.

Yana da shekara 5 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Riga ta ji jiki ƙwarai: aka kwashe injunan masana'antunta zuwa cikin Rasha a 1915, jama'a suka watse, birnin da ya haura mutum rabin miliyan ya koma bai kai rabin haka ba. Ran 18 ga Nuwamban 1918 aka ayyana ƴancin kan Latbiya. Petersons ya taso ke nan tare da ƙasar tasa, kusan sa'anni ne.

Sabuwar ƙasa tana son a san da zamanta, wasanni kuwa hanya ce mai araha. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Latbiya a 1921, ta shiga FIFA a 1922, kuma ran 24 ga Satumban wannan shekara tawagar ƙasar ta buga wasanta na farko da makwabciyarta Estoniya a Riga, aka tashi 1 da 1. Sai dai akwai abin da ke ci wa matasan ƙasar tuwo a ƙwarya. Kulob ɗin da ya ɗauki kofin ƙasa a 1922 da 1923, wato Kaiserwald, tushensa na Jamusawa da baƙi ne. A 1923 wani ma'abocin wasanni mai suna Juris Redlihs ya janye mafi yawan ƴan wasan ƙungiyar matasan Kirista ta JKS, ya kafa RFK da niyyar a samu kulob na ƴan ƙasa da zai riƙe kambun. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu nan da nan, domin RFK ta ɗauki kofin a 1924 da 1925 da 1926 a jere.

Amma zakara a gida daban, zakara a dandali daban. A watan Mayun 1924 Latbiya ta je gasar Olamfik ta birnin Paris da tawagar da ƴan RFK suka fi yawa a cikinta, Faransa ta yi mata 7 da nema, ta dawo gida bayan wasa ɗaya tak. Petersons yana ɗan shekara 14 ko 15 a lokacin. Shi da sa'anninsa ne aka bar wa aikin wanke wannan kunya.

Ya shigo RFK a 1928, kai tsaye daga wani ƙaramin kulob na rukuni na uku, ba tare da ya bi ta rukuni na biyu ba. Lokacin kulob ɗin yana cikin ƙunci. An kafa babbar gasar ƙasa mai suna Virsliga a 1927, wadda ta haɗa kulob-kulob ɗin Riga da na sauran garuruwa, sai ga Olimpija ta garin Liepaja, wani gari mai tashar jiragen ruwa a yammacin ƙasar, ta ƙwace kofin shekara uku a jere. Ga kuma ɓaraka a cikin gida: mai tsaron raga Arvids Jurgens ya fice a 1927 ya kafa nasa kulob ɗin, Riga Vanderer. RFK tana neman sabon jini, ta same shi.

Da farko an sa shi ɗan wasan gaba na tsakiya, mai jiran a kawo masa ya ci. Ba a daɗe ba aka ja shi baya zuwa tsakiyar fili, inda ake tsara wasa. Yawanci wanda aka yi wa haka cinsa yakan ragu, shi kuwa ya ci gaba da zura ƙwallo, ya ƙara da raba ta ga abokan wasa. Wannan ne ya bambanta shi da sauran ƴan zamaninsa. Shekara ɗaya da zuwansa aka kira shi tawagar ƙasa, kuma ya yi shekara goma ba a iya kawar da shi daga cikinta ba. Latbiya ta buga wasa kusan 100 kafin a haɗiye ta a 1940, shi kaɗai yana cikin 63, duk da cewa shekaru bakwai na farko sun wuce kafin ya fara. Babu wanda ya kai shi yawan wasa ko yawan ci a wancan zamani.

Da shi RFK ta dawo kan karaga. Ta ɗauki kofin lig a 1930 da 1931, ta sake a 1934 da 1935, sannan a 1940. Tsakanin waɗannan shekaru kofin yakan tafi Liepaja, in ban da 1932 da kulob ɗin soja na ASK ya ɗauka. Hamayyar RFK da Olimpija ita ce gishirin ƙwallon ƙasar: babban birni da gari na bakin teku, ɗaya na da kofi 8, ɗayan 7 a lokacin da aka rufe littafin. Da aka ƙirƙiro gasar kofin ƙalubale ta Latbiya a 1937, RFK ce ta fara ɗauka, ta maimaita a 1939.

Wani abu da zai ba mai karatu na ƙasashen zafi mamaki shi ne yadda ɗan ƙwallo yake rayuwa a wurin da fili ke daskarewa wata da watanni. Idan hunturu ya shigo, sai a ajiye takalmin ƙwallo a ɗauki na zamiya a kan ƙanƙara. Petersons ya ƙware a wasan hoki, wato irin ƙwallon gora amma a bisa ƙanƙara, har ya buga wa tawagar ƙasa wasa 8. Ba shi kaɗai ba ne. Jurgens ya buga ƙwallon ƙafa a Olamfik ɗin 1924, ya kuma buga hoki a Olamfik ɗin hunturu na 1936. Kyaftin Janis Lidmanis kuwa yana cikin tawagar ƙwallon kwando da ta ci kofin Turai na farko a 1935. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, gwani ɗaya sai ya yi aikin uku.

A matakin ƙasa da ƙasa, babban fagensu shi ne kofin Baltik, wanda Latbiya da Estoniya da Lituwaniya suka fara a 1928, kuma har yau ana buga shi. A zamanin Petersons, Latbiya ta ɗauke shi a 1932 da 1936 da 1937. Shekarar 1937 ɗin ce ƙololuwar wannan tawaga, kuma a cikinta aka buga wasannin neman gurbin zuwa Faransa.

An haɗa Latbiya da Lituwaniya, wadda ta yi nasara ta kara da Ostiriya. Latbiya ta ci 4 da 2 a Riga a ƙarshen watan Yuli, ta bi Lituwaniya har Kaunas a farkon Satumba ta yi mata 5 da 1. Saura wasa ɗaya, kuma a Biyana za a buga shi, ba ramuwa a gida. Ostiriya ba kanwar lasa ba ce, ita ce ta huɗu a gasar duniya ta 1934, kuma ƴan wasanta ƙwararru ne masu cin albashi, ƴan Latbiya kuwa kowa da sana'arsa. Ran 5 ga Oktoba aka fafata. Minti kaɗan da farawa Ilja Vestermans, ɗan kulob ɗin Yahudawa na Hakoah da ke Riga, ya sa Latbiya a gaba. Ostiriya ta farke ta ƙafar Camillo Jerusalem, sannan Franz Binder ya ƙara ta biyu kafin hutun rabin lokaci. A haka aka tashi, 2 da 1. Idan aka tuna 7 da nema na Paris, za a ga nisan tafiyar da aka yi cikin shekara 13.

Wata biyar bayan haka, a Maris ɗin 1938, Hitler ya haɗe Ostiriya da Jamus. Tawagar da ta fitar da Latbiya ta daina wanzuwa, aka kwashi wasu ƴan wasanta aka zuba a ta Jamus. Bisa hankali, wadda ta zo ta biyu a rukunin ya kamata ta gaji gurbin. FIFA, ƙarƙashin Bafaranshe Jules Rimet, ba ta yi haka ba. Ingila aka yi wa tayi, duk da ba ta shiga wasannin share fage ba, ba ta ma cikin hukumar a lokacin, ta kuma ƙi karɓa. Latbiya ba a waiwaye ta ba. Suwidin, wadda ya kamata ta kara da Ostiriya a Lyon, sai ta wuce zagaye na gaba ba tare da ta taɓa ƙwallo ba, ta je ta yi wa Kuba 8 da nema. Wannan rashin adalci ne ƙarara, kuma da wuya a ce da babbar ƙasa ce za a yi mata haka. Petersons bai cika shekara 30 ba, amma wannan ce dama ta ƙarshe, domin yaƙi ya cinye gasar 1942 da ta 1946. Har zuwa yau Latbiya ba ta taɓa halartar gasar cin kofin duniya ba.

Abin da ya sami Ostiriya bai daɗe ba ya iso ƙofar Latbiya. Yarjejeniyar sirri da Jamus da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a Agustan 1939 ta jefa ƙasar a rabon Mosko. Ran 17 ga Yunin 1940 sojojin Sobiyet suka shiga Riga, a watan Agusta aka mayar da Latbiya ɗaya daga cikin jamhuriyoyin tarayyar. Sabbin masu mulki ba su yarda da ƙungiyoyi masu zaman kansu ba, ko da na wasa ne. RFK, wadda ke riƙe da kofin ƙasa a wannan shekara, aka rushe ta, ƴan wasanta da dama suka koma Dinamo, kulob ɗin da ke ƙarƙashin hukumar tsaron cikin gida. Shekara 17 kawai ta yi a duniya. Tawagar ƙasa ma ta buga wasanta na ƙarshe da Estoniya a watan Yulin 1940, ba a sake ganinta ba sai bayan rabin ƙarni.

Daga nan sai masifa ta bi masifa. Ran 14 ga Yunin 1941 aka kwashe mutum kimanin dubu 15 a dare ɗaya zuwa Siberiya da wasu wurare masu nisa. Makonni kaɗan bayan haka Jamus ta mamaye ƙasar, kuma kafin ƙarshen shekarar aka harbe Yahudawa kusan dubu 25 a dajin Rumbula da ke gefen Riga, al'ummar da ta haifi kulob ɗin Hakoah. Da sojojin Sobiyet suka dawo a 1944, dubun-dubatar ƴan Latbiya suka gudu yamma, mafi yawa suka ƙare a sansanonin ƴan gudun hijira a Jamus kafin a rarraba su ƙasashen duniya.

Tawagar shekarun 1930 ta watse kamar an jefa dutse cikin garken tsuntsaye. Jurgens ya tafi Kanada, ya rasu a Montreal a 1955. Lidmanis ya nufi Ostireliya, can ya rasu a 1986. Petersons ya sauka a Amurka bayan yaƙi, ƙasar da ƙwallon ƙafa ba ta da wata daraja a wancan lokaci, inda wasa 63 na wata ƙasar da ba ta cikin taswira ba abin da zai saya wa mutum. A gida kuwa gwamnatin Sobiyet ba ta son a riƙa ambaton waɗanda suka yi hijira, saboda haka yaran da suka taso a Riga bayan yaƙi sun fi sanin ƴan wasan Daugava da na Mosko.

Ya rasu a Amurka a 1987, shekara huɗu kafin Latbiya ta sake samun ƴancinta a 1991. Da aka farfaɗo da tawagar ƙasa aka buɗe tsofaffin littattafai, sai aka tarar sunansa ne a saman jerin masu ci, kuma ya ci gaba da zama a wurin har sai da Maris Verpakovskis ya zo, wanda ƙwallayensa a ragar Turkiyya suka kai Latbiya gasar cin kofin Turai ta 2004 a Fotugal. Verpakovskis ya yi ritaya da ƙwallo 29 a wasa 104. Petersons na biye da shi a matsayi na biyu, da wasa 63.