Ernst Ruska (1906–1988): Maƙerin Madubin Ilektaron

An haifi Ernst Ruska a birnin Haidelbag na ƙasar Jamus ran 25 ga Disamba, 1906. Gidansu gidan ilmi ne. Mahaifinsa, Julius Ruska, masanin Larabci ne wanda ya yi suna wajen nazarin rubuce-rubucen al-Razi a kan alkimiyya. Shi kuwa ɗan, aikin injiniya ya zaɓa. Ya fara karatu a Munik a 1925, sa'an nan ya koma Balin a 1927.

A wancan zamani masana suna fama da wani shinge. Madubin ƙara girman abu mai aiki da haske ba ya iya bambance abubuwa biyu idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita. Laifin ba na gilashin ba ne, iyaka ce ta hasken kansa. A 1926 Hans Busch ya nuna cewa naɗin waya mai maganaɗisu yana iya tattara ƙwayoyin lantarki, watau ilektaron, kamar yadda gilashi ke tattara haske. Wannan tunani Ruska ya riƙe. A 1931 shi da malaminsa Max Knoll suka harhaɗa madubin ilektaron na farko. Girman da ya ƙara bai kai ninki ashirin ba, amma hanya ta buɗe. A 1933 Ruska ya ƙera wani mai ninki 12,000.

Duk da haka masana da yawa ba su gamsu ba, don kuwa ilektaron yakan ƙona abin da ake dubawa. Sai da ƙanensa Helmut, wanda likita ne, ya tsaya masa, kana kamfanin Siemens ya ɗauki aikin a 1937. A 1939 aka fara sayar da na'urar, kuma a shekarar aka ɗauki hoton ƙwayar cutar bairos mai lalata ganyen taba. Daga 1955 zuwa 1974 Ruska ya shugabanci sashen madubin ilektaron a Cibiyar Fritz Haber ta Balin. Lambar Nobel ba ta zo masa ba sai a 1986, shekara 55 bayan na'urarsa ta farko. Mahaƙurci mawadaci. Ya rasu ran 27 ga Mayu, 1988.

Akwai aikin da ya bari bai ƙare ba. Tun 1936 Otto Scherzer ya tabbatar da cewa irin wannan madubi yana da wani dishi-dishi na asali, kuma ba a shawo kansa ba sai wajen 1998. Amfanin gyaran ya bayyana sarai a kan girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atam ɗaya tak, wadda aka ɓare daga sinadarin bakin fensir a Jami'ar Manchesta a 2004. Atam ɗin girafin jere suke cikin zobba masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma. A 2008, a Bakli ta Amurka, aka ɗauki hotunan da suka nuna inda saƙar ta ɓaci: gurbin atam da ya fita, da wurin da zobba huɗu suka rikiɗe, biyu suka koma masu kusurwa biyar, biyu masu bakwai. Irin wannan aibi yana canza ƙarfin girafin da yadda lantarki ke ratsa shi.

Tsohon ƙorafin nan na ƙuna bai gushe ba, domin ilektaron mai ƙarfi yakan tsige atam daga mazauninsa. Saboda haka aka rage ƙarfin na'urar zuwa bolt 80,000. Da wanda ya duba bairos a 1939, da wanda ya ƙirga kusurwoyin zoben kabon a 2008, duk a kan tubalin Ruska suka yi gini.