Alhaji Abubakar Imam, maɗinkin labari

A wannan fitowa mun kawo maku tarihin wani malamin lakwal da ya zama uban masu rubuta labari da Hausar boko, watau Alhaji Abubakar Imam. Da yawanku kun san akun nan mai baki da ya zama wazirin sarki cikin Magana Jari Ce. To ga wanda ya sa ma akun magana.

An haife shi a 1911 a Kagara, cikin ƙasar Kwantagora ta Najeriya. Gidansu gidan malamai ne, da allo ya fara. Yana yaro anka kai shi wurin wansa Malam Bello Kagara a Katsina, birnin nan da kakannin Maraɗawa sunka baro. A 1927 ya shiga kwalejin horon malamai ta Katsina, ya gama a 1932, anka ba shi aji a makarantar Midil. Ashe dai mushe ne kamar mu, mai alli a hannu, sai dai shi da Ingilishi ya yi karatu, mu da Faransanci.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Abin bai zo da sauƙi ba. A wancan zamani malami in ya ɗauki alƙalami, to waƙar wa'azi zai rubuta, ko fiƙihu, ko tarihin sarakuna. Tatsuniya kuwa aikin dare ce, ta tsofaffin mata da yara, kuma babban mutum ya zauna yana ƙaga abin da bai faru ba, sai a ce ƙarya yake shirgawa. Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar da Ruwan Bagaja, labarin wani Alhaji da ya bi duniya neman ruwan magani, suna ta yi ma juna wayo da abokin karonsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Littattafai 5 anka zaɓa anka buga. Nasa yana ciki, da Ganɗoki na wansa Bello, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A nan ne ya gamu da babban darasin rayuwarsa. Saurayin ya sha karatu, na Larabawa irin Maƙamatul Hariri da na Turawa, har abin da ya karanta ya yi ta zubowa cikin abin da ya rubuta. East ya gane waɗansu labaran, ya aika mashi takarda cewa an kwaso su daga littattafan wasu, sai a gyara. Duk wanda ya taɓa miƙa aikinsa anka maido mashi da jan alƙalami ya san zafin wannan. Wani da nan zai aje rubutu ya ce ba da shi ba. Imam gyara ya yi, ya ci gaba.

A 1936 anka ɗauke shi daga aji anka kai shi Zariya. East ya tara mashi littattafan hikayoyi na Gabas da na Turai, ciki har da Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na ƴan'uwan nan Grimm. Cikin wajen wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, labarai sama da 80. Dubarar sa aku ya riƙa tsare mutum da labari kowane dare ta samo asali daga Indiya da Farisa. A hannun Imam sai akun ya shigo fadar Sarki Abdurrahman, yana hana yarima Musa fita yaƙi, ga fadawa, ga dogarai, ga waziri maci amana.

Ku dubi Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa, wata kuku ce ta cinye kajin maigidanta. Imam ya mai da su miji da mata a gidan Bahaushe. Matar ta lashe kajin da anka gasa ma baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da ƙarar wuƙar da mijin ke wasawa, ya ranta a na kare, mijin na bin shi. Wa zai karanta wannan ya ji ƙamshin Jamus? Sunaye namu, ladabin karɓar baƙo namu, abin dariyar ma namu.

Har yau masana na gardama a kan aikinsa. Wasu na cewa aro ya yi yawa, ai zanen aro ba ya rufe katara. Mu a ganinmu, wanda ya ari riga ya sa ta yadda take shi ne mai aro. Wanda ya sayo yadi daga nesa, ya auna, ya yanka, ya ɗinka babbar riga daidai wuyan mai ita, ya yi mata aiki a ƙirji, maɗinki ne. Tsakanin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ɗinkin nan Imam ya koya. Zarensa kuwa Hausar da ya ji a kasuwa da fada da zaure ce, da karin magana da habaici da ba'a. Abin da ya sa in ana karanta shi da ƙarfi, tsohon da bai taɓa shiga lakwal ba yakan gyara zama ke nan.

A watan Janairu na 1939 anka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta sama da shekara 10. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya tafi Ingila cikin ayarin ƴan jarida na Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya siyasa da manyan ayyukan gwamnati sunka ja shi. Ya rasu a Zariya ran 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70.

Mu da munka hardace tatsuniyoyin La Fontaine a lakwal, da wuya anka taɓa ce mana mu rubuta ta Gizo da Ƙoƙi. Ga shi kowace shekara muna rufe tsofaffi, kowane da rumbun labarinsa: na yunwa, na fatauci, na yadda anka kafa gari. Ku ƴan ci-rani kun ga Legas da Abijan da Akara, kun dawo da labarai fiye da kaya. Wanda ya iya rubutu ya zauna gaban wanda ya iya magana, da kaye da biro. Na farko ba zai yi kyau ba, za a maido shi da gyara, kamar yadda anka maido ma Imam nasa.

Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Amin.