Ɗan Maƙeri Wanda Ya Mai da Iska Ruwa

Tsofaffinmu na Gagarawa Tasha sun ga zamanin da jirgin Kano zuwa Nguru yake tafiya da ƙarfin tururi. Wuta ce take mai da ruwa tururi, kowa ya sani. Amma ana iya mai da iska ruwa? Da wannan tambaya Maikel Faraday ya yi fama.

An haife shi kusa da Landan a 1791. Ubansa maƙeri ne, matalauci. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, shi kuwa abin da ya ɗinka sai ya karanta. A 1813 wani masani, Hamfri Debi, ya ɗauke shi mataimaki.

A 1823 ya tsare iskar kilorin cikin rufaffen bututun gilashi, ya ɗumama gefe guda, ya sanyaya ɗayan. Iskar ta matsu har ta zama ruwa. Aikin da haɗari, gama wata rana gilashi ya fashe ya ji masa ciwo a ido. In mun girgiza tukunyar gas ta girki muka ji ruwa a ciki, wannan hikima ce.

A 1845 waɗansu iskoki suka gagare shi, har da oksijin wadda muke shaƙa. Ya matsa, ya sanyaya, a banza. Bai ɓoye ba, ya rubuta sarai cewa bai iya ba. Ya rasu a 1867.

A 1869 Tomas Andrus na Belfast ya bayyana dalili. Kowace iska tana da iyakar zafi, in an wuce ta, kome matsi ba za ta zama ruwa ba. Ta kabon dayoksaid digiri 31 ce, ta oksijin kuwa wajen 118 ƙasa da daskarewar ruwa. Sanyin Faraday ne bai kai ba. A 1877 aka mai da oksijin ruwa a Faransa da Suwizalan.

Faraday dattijo ne a wata ƙaramar ikkilisiya, yakan yi wa'azi, yakan ziyarci marasa lafiya. Aka roƙe shi ya shugabanci babbar ƙungiyar masanan Ingila, ya ƙi.

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ɓoye kāsawarmu don kunya. Shi ya faɗi tasa, waɗansu suka ɗora daga nan. Ubangiji ya ba mu irin wannan gaskiya cikin aikinmu.