Mikayil Tsibet, Masanin da Ya Rarrabe Launukan Ganye

An haifi Mikayil Tsibet a shekara ta 1872 a garin Asti na ƙasar Italiya. Mahaifinsa mutumin Rasha ne, amma a ƙasar Suwis yaron ya tashi, kuma a jami'ar Janeba ya sami digirin dakta a kan ilimin tsire-tsire a 1896. Da ya je Rasha, sai hukumomi suka ƙi amincewa da takardunsa, tilas ya sake neman digiri. Daga baya ya sami aiki a jami'ar Warso, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Rasha.

Abin da ya dame shi shi ne tsanwar ganye: shin launi ɗaya ne, ko kuwa gauraye? Sai ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye a bisa, ya bi shi da wani ruwa da ake samu daga man fetur. Yayin da ruwan yake gangarowa, kowane launi ya kama alli gwargwadon ƙarfinsa. Mai riƙo sosai ya tsaya a sama, mai sassauci ya wuce ƙasa. Nan take aka ga layi-layi, tsanwa iri biyu da rawaya iri-iri, kowane a wurinsa. Ya bayyana wannan dabara a 1903, kuma a 1906 ya raɗa mata suna kiromatogarafi, wato rubutu da launi.

Amma manyan masana na zamaninsa ba su gaskata shi ba. Littafinsa na 1910 da Rashanci ya fito, kaɗan ne suka karanta shi a waje. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fitar da shi daga Warso a 1915. Ya rasu a garin Boronej a 1919, yana da shekara 47, bai ga amfanin wahalarsa ba.

Sai a 1931 masana a Jamus suka farfaɗo da dabararsa. A 1938 wasu masana biyu a birnin Karkof suka shimfiɗa garin siriri a kan farantin gilashi maimakon bututu, aiki ya ƙara sauri da araha. Da wannan hanya ce masu binciken magunguna suke gane ko ƙwaya ta gaskiya ce ko jabu. Duk majinyacin da ya tsira daga maganin jabu ta haka, ya ci gajiyar haƙurin Tsibet.