Martinus Beijerinck (1851–1931): Rayuwarsa da Bincikensa a kan Ƙananan Halittun da ke Saiwar Wake da Gyaɗa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Martinus Willem Beijerinck, masanin tsirrai da ƙananan halittu ɗan ƙasar Holan, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka aza harsashin nazarin zamantakewar ƙananan halittu da muhallinsu. An fi mayar da hankali a kan ayyukansa da suka taɓa sana'o'in Bahaushe, musamman noman wake da gyaɗa, tare da ɗauko misalai daga ƙasar Ƙaraye da Rogo a yammacin Jihar Kano.

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan malamin gona, manoman Ƙaraye da Rogo, kamar sauran manoman ƙasar Hausa, suna shuka wake ko gyaɗa a tsakanin gero da dawa, kuma sun san cewa gonar da aka yi gyaɗa a cikinta bana takan fi karɓar hatsi baɗi. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya ga ƙananan ƙululu manne da saiwarta. Abin da ya daɗe a ɓoye shi ne alaƙar da ke tsakanin ƙululun nan da ƙarfin da ƙasa ke samu. Mutumin da ya fara ware halittar da ke zaune a cikinsu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma aikinsa ya fassara wata tsohuwar dabarar Bahaushe.

Akwai kuma batun harshe. Hausar kafafen watsa labarai ta saba kiran duk wata halitta da ido ba ya gani da sunan ƙwayar cuta. Wannan suna ya dace da likita, amma ya zalunci mafi yawan waɗannan halittu, domin su ne ke mayar da madara nono, su sa ƙullu tsami, su ruɓar da juji ya zama taki. Saboda haka a nan an zaɓi a ce ƙananan halittu, a kuma ce bakteriya ko bairos inda ake buƙatar bambancewa.

2.0 Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Beijerinck a birnin Amsterdam ranar 16 ga Maris, 1851. Mahaifinsa ɗan kasuwar taba ne da jarinsa ya karye tun yaron yana ƙarami, har ya koma aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa a Haarlem. Saboda ƙuncin rayuwa, a gida uban ya fara koyar da 'ya'yansa. Da yaron ya shiga makarantar sakandare sai ya haɗu da masanin tsirrai Frederik Willem van Eeden, wanda ya cusa masa son tattara ganyaye da nazarinsu. Ya karanci kimiyyar harhaɗa sinadarai a kwalejin fasaha ta Delft daga 1869 zuwa 1872, inda ya yi abota da Jacobus van 't Hoff, wanda daga baya ya zama na farko da ya karɓi kyautar Nobel a wannan fanni a 1901. Daga nan ya wuce Jami'ar Leiden, ya sami digirin digirgir a 1877.

Kundin nasa ya yi nazari ne a kan ƙululun da ke fitowa a jikin ganye da reshe idan wasu ƙwari suka yi ƙwai a ciki. A ido batun ƙarami ne, amma shi ya koya masa tambayar da ta bi shi har tsufa: yaya wata halitta ke shiga jikin wata ta sa ta gina mata ɗaki? Tun 1876 yake koyarwa a makarantar aikin gona ta Wageningen. A 1885 sai Jacques van Marken, mai masana'antar yisti da barasa ta Delft, ya ɗauke shi aiki ya gina masa ɗakin gwaji, ya kuma sakar masa mara ya binciki abin da ya ga dama.

3.0 Ƙululun Saiwa

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, sinadarin da tsiro ke buƙata ya yi kore ya yi ƙwaya, amma tsiro ba ya iya ɗibarsa kai tsaye daga iska. A 1886 Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun shuka hatsi da dangin wake a cikin yashin da aka ƙone duk wata halitta da ke cikinsa, ba tare da takin naitirojin ba. Dukkansu suka tsumbure. Da aka zuba ɗan ruwan ƙasar gona, dangin wake suka yi ƙululu a saiwa suka murmure, hatsi kuwa ya ci gaba da ramewa. Wannan ya nuna akwai wani abu mai rai a cikin ƙasa da ke haddasa ƙululun, sai dai ba wanda ya riƙe shi a hannu.

Beijerinck ne ya riƙe shi. Ya wanke bayan ƙululun da sinadari don kashe halittun waje, ya murƙushe su, ya shimfiɗa ruwan a kan wani daskararren abinci da ya haɗa da ruwan dafaffen ganyen wake da ɗan sukari. A 1888 ya wallafa bayanin bakteriyar da ta tsiro, ya sa mata suna Bacillus radicicola, wato mazauniyar saiwa. Shekara guda bayan haka Albert Frank ya kawo sunan Rhizobium, wanda ya zauna har yau. A 1890 Beijerinck ya ɗauki bakteriyar da ya raina ya sa wa tsiron da ba shi da ƙululu, sai ƙululun suka fito.

A nan ne kuma ya ci karo da abin da ya gagare shi. Ya yi ta ƙoƙarin nuna cewa bakteriyar, ita kaɗai a cikin kwalba, tana kama naitirojin daga iska, bai samu hujja mai gamsarwa ba, kuma bai yi da'awar abin da bai gani ba. Masu bincike na baya sun gano dalili: sinadarin da ke yin wannan aiki iskar oksijin na lalata shi, don haka yawanci sai a cikin ƙululun, inda tsiro ke samar da wani jan abu mai kama da na jini da ke daidaita iskar, aikin ke yiwuwa. Shi ya sa idan aka fasa ƙululun gyaɗa mai lafiya za a ga cikinsa ja-ja, wanda ba ya aiki kuwa fari ne ko kore. Tsiro na ba bakteriya sukari da mafaka, ita kuma tana ba shi naitirojin; cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsantsa.

Wannan bayani yana da amfani ga gonakin Ƙaraye da Rogo, musamman a zamanin tsadar takin zamani, amma ya kamata a faɗe shi da iyakarsa. Mafi yawan naitirojin da wake ya tara yana tafiya ne cikin ƙwaya da harawa. Idan aka kwashe harawar aka kai kasuwa, abin da ya rage wa gona kaɗan ne. Idan kuwa dabbobin gida suka ci aka mayar da takinsu gona, wani kaso ya dawo. Ke nan tsohon tsarin haɗa noma da kiwo shi ne rabin dabarar. Haka kuma ƙasar wannan yanki takan yi ƙarancin fosfaras, wanda sai da shi ƙululu ke aiki sosai, yayin da yawan yuriya ke sa tsiro ya rage yin ƙululun. Don haka takin supa ya fi yi wa gyaɗa amfani fiye da yuriya. Wake da gyaɗa sukan sami abokan zamansu a cikin ƙasar yankin ba tare da an kawo musu ba, yawanci daga rukunin da aka ware a 1982 da sunan Bradyrhizobium. Waken suya, wanda baƙo ne, shi ya fi amfana idan aka cakuɗa irinsa da bakteriya kafin shuka. Shirin N2Africa, wanda ya yi wannan aiki da manoma a jihohin Kano da Kaduna daga wajen 2009, Jami'ar Wageningen ce ta jagorance shi, wato magajiyar makarantar da Beijerinck ya koyar a cikinta.

4.0 Dabararsa

A 1895 aka naɗa shi farfesa a kwalejin Delft, aka buɗe masa ɗakin gwaji na kansa a 1897. A lokacin, almajiran Robert Koch a Jamus da na Louis Pasteur a Faransa sun fi karkata ga halittun da ke sa mutum rashin lafiya. Shi kuwa, kamar takwaransa ɗan Rasha Sergei Winogradsky, laka da ƙasa da ruwan kududdufi ya sa a gaba. Dabararsa ita ce ya shirya yanayin da halitta ɗaya kaɗai za ta ji daɗinsa, ya jefa ɗan ƙasa a ciki, ya bar yanayin ya yi zaɓe. Da ya haɗa abinci mai sukari da gishiri iri-iri amma babu naitirojin, ya bar shi a buɗe, abin da ya yaɗu dole ya kasance mai ɗibar naitirojin daga iska. Ta haka ya gano Azotobacter a 1901. Kafin nan, a 1895, ya ware daga lakar magudanan Delft bakteriyar da ke haddasa warin ruɓaɓɓen ƙwai a inda iska ba ta shiga. Shi ne kuma ya raɗa sunan Lactobacillus, dangin da ke sa nono da kamu tsami.

Marinin da ya zuba baba da toka da katsi a karofi, ya yi ta motsawa kwanaki yana jiran ruwan ya nuna, wannan dabarar yake bi ba da sunanta ba: kaifin toka da ƙarancin iska su ke zaɓar halittun da za su narkar da shuni ya kama zane. Beijerinck da kansa ya yi rubutu a kan yadda shuni ke fita daga ganyen baba a 1899 da 1900, daidai lokacin da shunin masana'antar Jamus, wanda ya shiga kasuwa a 1897, ya fara karya noman baba a duniya.

5.0 Cutar Taba da Annobar Gyaɗa

A Wageningen ya san Adolf Mayer, wanda ya nuna cewa ruwan ganyen taba mai cutar dabbare-dabbare yana harbin lafiyayyen tsiro. A 1892 Dmitri Ivanovsky ya tace irin wannan ruwa da matatar da bakteriya ba ta wucewa, ruwan ya ci gaba da harbi, amma ya zaci wata guba ce ko wata ƙaramar bakteriya. A 1898 Beijerinck ya maimaita tacewar, ya ƙara da nuna cewa abin yana ratsa daskararren abincin gwaji, ba ya girma a kwalba, kuma yana hayayyafa ne kawai a sassan tsiro masu tofo. Ya yanke cewa wani sabon nau'i ne, ya siffanta shi da ruwa mai rai mai yaɗa cuta, ya kuma yi amfani da kalmar da ta zama bairos. A kan cewa ruwa ne ya yi kuskure, domin Wendell Stanley ya mayar da shi ƙanƙara a 1935, aka kuma ga siffarsa da madubin lantarki a 1939. A kan cewa ba ya rayuwa sai a cikin ƙwayar halittar wani, ya yi daidai.

Ƙasar Kano ta ɗanɗana ma'anar wannan a 1975, lokacin da wata cutar bairos da darɓa ke yaɗawa ta tsumburar da gyaɗa a gonaki kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, bayan fari ya riga ya raunana manoma. Annobar tana cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa, ita ce kuma ta ƙara wa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, himmar samar da irin gyaɗa mai jure cutar.

6.0 Halinsa da Rasuwarsa

Waɗanda suka rubuta tarihinsa ba su ɓoye cewa mutum ne mai wuyar sha'ani ba. Yana da kaifin harshe ga ɗalibai, bai taɓa aure ba, kuma ba ya murna idan mataimakinsa ya yi, don yana ganin iyali na raba hankalin mai bincike. Wannan hali ya rage yawan waɗanda suka daɗe tare da shi. Ya zauna da 'yan'uwansa mata biyu, ɗayarsu, Henriëtte, ita ke zana masa manyan hotunan tsirrai da ƙananan halittu da yake koyarwa da su. Ya karɓi lambar Leeuwenhoek a 1905, amma bai sami Nobel ba, alhali Stanley ya samu a 1946 a kan bairos ɗin tabar.

Ya yi ritaya a 1921 ya koma ƙauyen Gorssel, inda ya ci gaba da gwaje-gwaje a lambunsa. Albert Jan Kluyver ya gaje kujerarsa, ɗalibin Kluyver kuma, Cornelis van Niel, ya kai dabarun Delft Amurka. Beijerinck ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1931, bayan fama da ciwon daji. A 1950 H. G. Derx, wanda ke aiki a tsibirin Java, ya raɗa wa wani rukunin bakteriya mai kama naitirojin, wanda ya fi yawa a ƙasar wurare masu zafi, suna Beijerinckia.