Waliyyi Vincent de Paul, Uban Matalauta

Kowace shekara ran 27 ga Satumba Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Vincent de Paul. Ya kamata mu san rayuwarsa, musamman mu da aka danƙa wa shugabanci.

An haife shi a shekarar 1581 a ƙauyen Pouy na ƙasar Faransa. Ɗan manomi ne, da ƙuruciya ya yi kiwon dabbobin gidansu. Da aka sa shi makaranta a garin Dax, sai ya soma jin kunyar asalinsa. Wata rana mahaifinsa, mai ɗingishi, ya zo ganinsa, amma ya ƙi fitowa. Wannan abu ya ci masa rai har tsufansa. An naɗa shi firist a 1600, burinsa kuwa a lokacin bai wuce samun matsayi mai maiƙo ba.

A 1617 Allah ya juya zuciyarsa. Yana limanci a garin Châtillon, wata Lahadi kafin Misa aka gaya masa akwai gidan da kowa ke kwance ba lafiya, babu mai jinyarsu. Ya faɗi haka cikin wa'azi, jama'a suka yi tururuwa da abinci. Vincent ya lura abincin zai lalace, bayan kwana kaɗan kuma yunwa ta dawo. Sai ya tara matan garin, ya ba kowacce ranarta ta dafa wa marasa lafiya, ta kai musu. Nan ya gane cewa tausayi yana bukatar tsari.

Daga nan bai waiwaya ba. Ya kula da fursunonin da ake tilasta wa tuƙin jiragen ruwan sarki. A 1625 ya kafa ƙungiyar firistoci masu wa'azi a ƙauyuka. A 1633, tare da Waliyya Louise de Marillac, ya kafa ƙungiyar sistoci masu jinyar talakawa da renon jarirai yasassu. Ya rasu a Paris a 1660, aka ɗaukaka shi waliyyi a 1737. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa a majami'unmu, Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa ta a 1833.

To, mu tambayi kanmu, firistoci da katikis da shugabannin zumunta: in mun zauna taro, maganar gwauruwa da maraya takan zo da fari, ko sai gini ya rage canji? Akwai gidan da ke kwance a unguwarmu, ba mu sani ba?

Waliyyi Vincent, ka yi addu'a dominmu. Amin.